Na je Kalaba karɓar kuɗin albasa, na tarar an rufe gari

Mai Albasa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wata magana ce muke ta musu a kanta da aminina tun da na dawo daga kudu, na ce bari in kawo ta nan mu ji bakin manya.

Ƙarshen Disambar da ta wuce na sauka Kalaba don karɓar kuɗin kaya a hannun wata mata da ke sarar albasa a wajenmu. Na kwana a Bogobiri, unguwar Hausawa. Da safe na kira ta, sai ta ce kada ma in wahalar da kaina, yau ranar kalankuwa ce, wato bikin rawa da kwalliya da ake yi a kan titi duk shekara, an datse titin Marian, ba mai buɗe rumfa sai gobe. Na leƙa waje, ai kuwa babu mota ko ɗaya a titin Mary Slessor, sai 'yan sanda da shingen ƙarfe da mutane suna ta jan kujeru. Zaɓi biyu ya rage mini, ko in koma in kwanta cikin zafin nan nasu mai sa gumi, ko in taka. Na saka takalmi na fita, ban san ma inda na nufa ba.

Na ɗan tsaya wajen da ƙungiyoyin masu rawar ke shiri. Abin da ya tsaya mini a rai wata yarinya ce da aka ɗora wa wasu fuka-fukai na waya da ƙyalle, faɗinsu ya fi na ƙaramar mota, har sai da aka yi musu ƙananan tayoyi a ƙasa don ta iya ja. Wani dattijo ya durƙusa a bayanta da allura da zare a baki yana gyara inda ya yage, uwarta kuma tana tsaye da ledar ruwa tana ɗiga mata a baki don kada kwalliyar ta ɓaci. Da aka kunna sifikun da ke kan tirela, wallahi a ƙirjina na ji, ba a kunne ba.

Daga nan sai na juya wa taron baya na gangara wajen kogi. Jama'a, gari fayau! Kowa ya tafi kallo. Na hau tudun da tsohon gidan Turawan mulki yake, na sauko Marina, wajen shaƙatawa na bakin kogi, na shiga kwalekwale mai inji, na ci gasasshen kifi da agade a bakin ruwa, na dawo Bogobiri daf da magariba. Har na yi isha'i na kwanta ana kiɗa.

Ni dai a ganina ban taɓa more yini a kudu kamar wannan ba, kuma da shiri na yi da ban ga rabin abin da na gani ba. Aminina ya ce yawon banza na yi, kuma ma bai dace mutum irina ya kusanci wajen ba. Ku raba mu.

Ɗan Fagge:
Wa alaikumus salam. Kafin a shiga shari'a, kuɗin albasar dai sun fito? 😂

Mai Albasa:
Sun fito washegari, ba ragin ko sisi. Har goron Kirsimeti ta ƙara mini, garin rogo kwano guda.

Abu Huzaifa:
Ɗan'uwa, ni ina bayan amininka, kuma don Allah kada ka ji haushi. Duk wanda ya taɓa ganin hotunan bikin nan ya san irin shigar da ake yi. Mata tsirara-tsirara, giya a hannu, kiɗa tun hantsi har dare. Allah ya umarci muminai su runtse idanunsu, yana nan a Suratun Nur aya ta 30. Kai da bakinka ka ce ka tsaya ka kalli yarinya har ka ƙirga tayoyin rigarta. Wanda ya yi kiwo a gefen gona, wata rana dabbarsa za ta faɗa ciki.

Mai Albasa:
Allah ya saka da alheri Malam, na karɓi nasiha. Amma yarinyar da nake faɗa ba ta wuce shekara goma sha ba, kuma ƙyallen da ke jikinta ya ishi mutum uku ɗinki. Akwai masu shigar da kake nufi, ba ƙarya ka yi ba, su ne ma suka sa na juya na yi wajen kogi. To tambayata, gangarawar tawa ita ma laifi ce?

Abu Huzaifa:
Gangarawar ba laifi. Fitowar tun farko nake magana.

Baba na Bogobiri:
Salamu alaikum. Ni a garin nan na yi aure, a nan na aurar da 'ya'ya, don haka bari in sa baki. Malam Abu Huzaifa, ka yi gaskiya ta wani gefe, sai dai ka san ba mu muke zuwa wajen biki ba, bikin ne ke biyowa ta ƙofar gidanmu. Daga Millennium Park suke tashi, su biyo titin Mary Slessor wanda unguwarmu ke bakinsa, su shiga Marian, su karya ta titin MCC, su hau babban titin Murtala Mohammed, su ƙare a filin wasa na U.J. Esuene. Kilomita 12 ke nan. Mutum zai fita masallaci ma sai ya ji su. Kowa a nan ya san yadda yake yi da idonsa, kamar yadda ɗan kasuwar ko'ina ya sani.

Kuma ranar ce masu tsire da balangu da masu shayi na unguwarmu suke cinikin da ba sa yi a wata guda. Baƙi daga Legas da Fatakwal da Turawa, da dare duk nan suke tuɗaɗowa cin nama, masu canji ma ba a bar su a baya ba. In ka ce kowa ya rufe ƙofa, ka hana magidanta da yawa kuɗin makarantar Janairu.

Gwamna Donald Duke ne ya faro abin a 2004, a idonmu. Da ƙungiyoyi biyar aka saba: Passion 4 masu kore, Seagull masu ja, Masta Blasta masu ruwan lemo, Bayside masu shuɗi, Freedom masu ruwan ɗorawa. Daga baya aka ƙaro biyu. Gasa ce ta gaske, akwai alƙalai a wurare daban-daban a kan hanya, kowace ƙungiya sai ta tsaya ta nuna wasanta a kan taken da gwamnati ta bayar na shekarar. Shi ya sa abin ke jan lokaci har tsakar dare. A 2020 da 2021 ba a yi ba saboda korona, mun ga yadda gari ya yi tsit, masu otal suka koka.

Maman Ilham:
Baba ina wuni. Ni fa abin da ya ja hankalina kwalekwalen ne. Ashe Kalaba bakin teku take? Yarana sun dame ni suna son ganin teku.

Baba na Bogobiri:
Lafiya lau 'yata. Ba teku ba ce, kogi ne. Garin yana tsakanin koguna biyu, kogin Kalaba ta yamma, Great Kwa ta gabas, su gangara su haɗu da bakin kogin Kuros kafin a kai teku. Amma kogin yana da faɗi, manyan jirage suna shigowa har tasha, kuma ruwan yana cika yana janyewa kullum saboda kusancin tekun. In rairayi da igiyar ruwa yaranki suke so, ba nan ba ne.

Mai Albasa:
Wannan janyewar ruwan na gan ta da idona Hajiya. Lokacin da muka shiga jirgi, ruwa na taɓa matakala ta sama. Kafin in gama cin kifi ya sauka, sai ga baƙin taɓo, ƙananan ƙaguwa suna ta gudu a kai. A tsallake kuma wasu itatuwa ne da saiwoyinsu ke tsaye a waje cikin ruwa, daji baƙi ƙirin ba ka hango ƙarshensa. Mai jirgin ya nuna mana hanyar da ake bi zuwa Creek Town, da wadda ke zuwa Oron ta jihar Akwa Ibom. Da muka doshi wajen jiragen sojan ruwa ya ce kowa ya mayar da wayarsa aljihu, ba a ɗaukar hoto a nan.

Bautar Ƙasa Obubra:
Yaya Mai Albasa, Allah ya sa dai ka sa rigar kariya. Mu da muka yi hidimar ƙasa a Kuros Riba abin da aka fara gargaɗinmu a kai ke nan.

Mai Albasa:
Na sa ƙanena, har na ɗaure igiyar sau biyu. Ɗan tudu ne ni, ban haɗa komai da ruwa ba sai alwala.

Malamin Tarihi:
Ni inda na tsaya shi ne tudun nan da ka ce ka hau ka wuce shi a layi ɗaya, alhali shi ne kan maganar. Wannan gidan da ake kira Old Residency a 1884 aka kafa shi. A Birtaniya aka sassaƙa katakansa, aka loda a jirgi gunduwa-gunduwa, aka zo aka harhaɗa a kan tudun. Ba don iska kawai suka zaɓi wajen ba. Wanda ya tsaya a barandar sama yana ganin duk jirgin da ya shigo kogin da wanda ya fita, kuma a wancan zamani wanda ya riƙe kogi shi ya riƙe ciniki. Yanzu gidan tarihi ne na ƙasa.

Cinikin kuwa da farko na mutane ne. Jiragen Bristol da Liverpool sun daɗe suna ɗibar bayi daga wannan kogin, manyan gidajen Efik, ƙabilar garin, na Duke Town da Creek Town su ne dillalai tsakanin Turawa da cikin ƙasa. Da Birtaniya ta haramta cinikin a 1807 sai a hankali aka koma manja, wanda masana'antunsu ke buƙata don sabulu da man injuna. Su dai gidajen nan ne suka ci gaba da dillanci, haja ce kawai ta sauya. 'Yan mishan na Sikotilan suka iso a 1846, Mary Slessor da aka sa wa titin da Baba ya ambata sunanta ta zo daga baya, ita ce ta yi suna wajen yaƙi da kashe tagwaye, ta rasu a 1915, kabarinta yana Kalaba. Makarantar Hope Waddell da aka buɗe a 1895 tana nan har yau, Nnamdi Azikiwe ya yi karatu a cikinta.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: da Turawa suka ci Benin a 1897, Kalaba suka kai Oba Ovonramwen, a can ya rasu a 1914. Yadda dai suka yi wa Sarkin Kano Alu, da suka kai shi Lokoja ya ƙare rayuwarsa a bakin kogi a 1926. Dabara ɗaya ce, a raba sarki da mutanensa a ajiye shi inda jirginsu ke tsayawa.

Mai Albasa:
Allah ya ƙara ilimi Malam. Da na san wannan da na ƙara daɗewa a barandar. Abin da na fi tsayawa a kai a ciki kuɗaɗen da ne, wasu sandunan tagulla lanƙwasassu da wasu kamar munduwa. A Marina kuma akwai wani ɗakin tarihin bauta, an yi siffar cikin jirgi, mutum-mutumi kwance a jere ƙafa da sarƙa, ga duhu, ga sautin kuka ana sakawa. Na fito waje sai ga kiɗan kalankuwa iska na kawowa daga sama, yara na shan askirim. Na daɗe a zaune kafin in iya cin abinci.

Ɗan Fagge:
To ai Kalaba ce babban birnin Najeriya na farko, ko ba haka ba Malam?

Malamin Tarihi:
Mutanen garin suna son faɗin haka, amma a yi hattara. Hedikwatar yankin kudu ce ta Turawa, har zuwa 1906 da aka mayar Legas. Najeriya ɗaya ba ta samu ba sai 1914, kuma Legas aka ba. A lokacin arewa tana da tata hedikwatar a Zungeru, kafin a koma Kaduna a 1917.

Ɗan Fagge:
Na ji. Amma in na je can ba zan faɗa musu ba, kada a hana ni kifi.

Hajiya Mai Lissafi:
Ku yi haƙuri in dawo da ku kan tambayar da aka yi. Ni ban yarda da wannan magana ta "rashin shiri ya fi daɗi" ba, kuma ina tsoron matasan zauren nan su ɗauka. Alhaji Mai Albasa namiji ne shi kaɗai, yana da wajen kwana a hannun 'yan'uwa, aljihunsa ba yara ba ne ke ja. Ni na taɓa faɗawa garin nan a irin wannan mako da yara, don bikin wata abokiyar aikina. Kuɗin ɗaki ya ninka, wanda muka kama ta waya muka tarar an ba wani, muka yi ta yawo da akwati. Babu acaɓa a cikin gari tun zamanin Gwamna Liyel Imoke, tasi kuma ba ta iya tsallaka hanyar da aka rufe. Wanda yake da jirgin sama da zai hau ranar a filin Margaret Ekpo, in bai fita da sassafe ba sai dai ya ji tashinsa. Sa'a ka taka Alhaji, kada ka mayar da ita ƙa'ida.

Mai Albasa:
Hajiya ban musa ba, mai iyali dole ya yi shiri. Amma ki duba wani abu. Duk wanda ya shirya zuwa Kalaba a wannan rana, kalankuwar ya shirya wa. Zai nemi kujera a bakin titi tun safe ya zauna har dare, ya koma gida ya ce ya ga Kalaba, alhali titi ɗaya ya gani. Ni da ban zo don ita ba, ita ce ta kwashe mini mutane daga gari ta bar mini kogin. A Marina ban yi layi ba, a jirgi mu biyar ne kacal.

Hajiya Mai Lissafi:
To ai ka ga yanzu ka ba mu shiri. Duk wanda ya karanta wannan ya bi sawunka, da shiri ya tafi. 😄

Bautar Ƙasa Obubra:
Hajiya ta kama ka Yaya. Ni kuma abin da zan ƙara shi ne abinci, don nan ne baƙo Musulmi ya fi shiga matsala in ya fita kai tsaye. In ka ga an rubuta 404 a ƙofar shago, naman kare ne, ka yi gaba. Miyar afang da edikang ikong suna da daɗi ƙwarai, ganye ne da manja da busasshen kifi da ƙananan dodon koɗi, amma sau da yawa akwai nama da ganda a ciki, sai ka tambayi na mene ne da wanda ya yanka. Mafi sauƙi ka ce a yi maka da kifi zalla, ko ka zaɓi ɗanyen kifinka a gasa a gabanka kamar yadda Yaya ya yi.

Baba na Bogobiri:
Yaron nan ya san gari. Yawancin naman shanun kasuwa mutanenmu ne ke yankawa, amma tambaya ba ta ɓata komai.

Akwai maganar da nake ta jinkirin faɗa, amma tunda ana batun fita ba shiri, dole in faɗa. Ranar 27 ga Disamba 2022, ranar jerin gwanon masu manyan babura, wata mota ta ƙwace ta afka cikin 'yan kallo a nan Bogobiri, kusa da masallaci. Hukumar kiyaye haɗurra ta ce mutum 7 suka rasu, 29 suka ji rauni, kuma da yawansu 'yan unguwarmu ne, har da yara. Gwamna Ben Ayade ya dakatar da wasan na ranar. Mu muka yi jana'iza. Don haka duk wanda zai tsaya kallo, ya tsaya bayan shinge, kada ya tsaya a kwana ko bakin shataletale, kuma ya riƙe hannun yaronsa. Ranar masu babura da motoci ta fi ranar masu rawa haɗari nesa ba kusa ba.

Maman Ilham:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansu, ya ba ku haƙuri Baba.

Abu Huzaifa:
Allah ya gafarta musu, ya sa aljanna ce makoma. Baba, ban san unguwar a bakin hanyar take haka ba, wanda abin ya tarar a gida hukuncinsa daban da wanda ya yi takakkiya. Amma ina nan a kan bakata game da wanda zai bar Kano ko Sakkwato musamman don ya je kallon rawar. Mai Albasa, sallar azahar da la'asar fa, ina ka yi su a wannan yawo?

Mai Albasa:
Na haɗa su na yi ƙasaru a Marina, Malam. Wani mai gadi ya ba ni kwali na shimfiɗa a ƙarƙashin bishiya, shi ba Musulmi ba ne amma ya tsaya yana kore yara daga gabana har na sallame.

Abu Huzaifa:
Madalla. Allah ya shirye shi, ya saka masa.

Shugaban Zaure:
Jama'a a ci gaba a hankali kamar yadda ake yi. Wanda ya turo bidiyon masu rawa ɗazu na goge, ba a zauren nan ba.

Ɗan Fagge:
Ba ni ba ne ranka ya daɗe, hannuna ne ya zame.

Maman Ilham:
Baba, to in mutum yana son ya kai yara su ga kogin da gidan tarihin, kuma su ɗan ga kwalliya ba tare da abin da Malam ke gudu ba, yaushe ya kamata? Kuma ta wace hanya ake bi daga arewa?

Baba na Bogobiri:
Watan Disamba gaba ɗaya biki ne a nan, ba rana ɗaya ba. Akwai ranar al'adu, wadda ƙananan hukumomin jihar 18 da tawagogin wasu jihohi suke fitowa da kayan gargajiya, wani lokaci har da na arewa da kalangu da algaita. Akwai kuma ranar yara. Waɗannan biyun sun fi dacewa da ke, suna zuwa ne kafin babbar ranar. Sai dai ranakun suna ɗan motsawa daga shekara zuwa shekara, ki jira jadawalin gwamnatin jiha kafin ki sayi tikiti. Gidan tarihi kuma ki tambaya tukuna ko suna buɗewa ranar hutu. In kwalliyar ba dole ba ce, ki zo a Janairu, ɗaki ya yi araha, ruwan sama bai fara ba.

Hanya kuwa, in ta mota ce: Lafiya, Makurɗi, Gboko, Ogoja, Ikom, Ugep, Akamkpa, Odukpani, sai gari. Doguwa ce, da yara ki raba ta biyu.

Bautar Ƙasa Obubra:
Kuma kada direba ya ce zai zagaya da ku ta Uyo ya biyo titin Itu don wai ya fi sauri. Tireloli ne maƙil a kansa, in ɗaya ta faɗi sai a kwana a wajen.

Hajiya Mai Lissafi:
Ɗaki kuma tun Oktoba, kuma ki biya rabi kawai, ki riƙe rasit.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Baba zan yi maka magana ta gefe in lokaci ya matso, ko akwai gidan da mace da yara za su iya sauka a kusa da masallaci.

Baba na Bogobiri:
Akwai. Ki sanar da ni da wuri, sai in sa uwargida ta duba miki.